Ƙotar Wuƙar Baba

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan takardar nan ta same ka da ƙarfin jiki, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Mu a nan lafiya lau, sai Yaya da ya yi ɗan zazzaɓi, ya kuma warware. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabon da mu haɗu tun rasuwar Baba, shekara shida ke nan. Na so in kira ka a waya, aka ce guduma ta cinye maka kunne. Shi ya sa na rubuto takarda na ba direban da ke kai dashenmu garinku.

Ni nake riƙe da gandun renon itatuwan Baba yanzu. Yawancin aikin auren itace ne: a yanko reshe mai kyau, a tsaga uwar, a haɗa, a ɗaure. Hannu kullum cikin ruwa da ƙasa da danƙo. Wuƙar aljihu uku na kashe a shekarar nan, kuma duk ba bakin ne ya mutu ba, ƙota ce. Ta farko ta roba ce, rana ta gasa ta, ta tsage. Ta biyu ta katako, ta sha ruwa ta kumbura har bakin ya ƙi naɗewa. Ta uku farin ƙarfe ne mai santsi, ta suɓuce mini ta yanke ni a babban yatsa. Kai ne mai sana'ar yin ƙota, ka faɗa mini wace irin ƙota ce za ta jure wannan aiki.

Baba dai wuƙa ɗaya ya riƙe fiye da shekara arba'in. Na san kafin ya rasu ya aiko maka da ita. Tana nan kuwa? Tambaya kawai nake yi. Kwanakin nan tana yawan faɗo mini a rai, har nakan ji kamar ƙarar rufe ta a bayana, ƙwas, in waiga ban ga kowa ba.

A gaida Inna da kyau.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Takardarki ta iso, na kuma ji daɗinta. Na karanta sau biyu, sannan Innarki ta karɓe ta sake karanta mini da ƙarfi, ta manta kunnen ne ya tafi, idon yana nan. Ƙafa da sauƙi. A yi wa yayanki sannu.

Kin zo wurin da ya dace, sai dai kin makara da wuƙa uku. Robar kasuwa ba ƙota ba ce, murfin bokiti ne aka huda. Duk wanda ya sayar miki da ita bai taɓa yin gumi a tafin hannu ba. Farin ƙarfe kuwa na masu yanka lemo a ofis ne.

Ƙaho yana da kyau da daɗin riƙo, amma in ya sha ruwa ya sha rana sai ya lanƙwashe ya ɗaga daga jikin ƙarfen, ƙwari kuma suna cinsa in aka ajiye. Ƙashi, ki lura na sa wa harafin ƙugiyarsa kada ki yi mini dariya, ya fi ƙaho tauri, amma ya faɗi sau ɗaya a kan siminti sai ya tsage daga wajen ƙusa. Itace ba laifinsa ba ne, laifin masu gaggawa ne. Zuciyar kirya da ta yi shekara uku tana bushewa a inuwa ba ta jin tsoron ruwa, muddin ana shafa mata mai. In kin san ba za ki shafa ba, kada ki wahalar da itace.

Abin da nake yi wa masu aikin ruwa yanzu shi ne ƙotar tufafi. Kada ki taɓe baki. Ana yanka yadi mai kauri, irin kaki ko tamfol, a jera shi falle-falle kamar ashirin, kowane falle a jiƙa shi da gam mai daskarewa, a matse tsakanin katako biyu kwana biyu. In ya fito sai zarto da magagari. Ba ya shan ruwa, ba ya jin rana, in ya jiƙe ma ya fi kama hannu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma ai ba ado za ki yi da shi ba. Ki sami mai gyara a garinku ki nuna masa wannan bayanin, in ya ce bai taɓa ji ba ki fita daga shagonsa.

Wuƙar babanki tana nan. Ni na yi mata ƙotar farko da kirya, muna samari. Ki bar wannan maganar a inda take.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa, wata biyu ban ba ka amsa ba. Muna lafiya. Damina ta kankama, aiki ya yi yawa, amma ba shi ya hana ni ba. Layin ƙarshe na takardarka ne. Ka cika takarda da bayani a kan ƙaho da ƙashi, da ka zo kan wuƙar Baba sai ka rufe ƙofa. Na fahimci akwai abin da ya gaya maka.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa a dangi ba. A shekararsa ta ƙarshe idon Baba ya dushe, hannunsa yana rawa. In ya aurar da itace hamsin, da ƙyar goma su kama. Masu saye suka fara dawo mana da busassun dashe. Wata safiya yana zaune a layi na uku na dashen, matan da ke cika mana leda da ƙasa suna gefe, na ga ya tsaga uwar ta karkace. Ban yi tunani ba, na miƙa hannu na zare wuƙar daga hannunsa. Na ce, "Baba, kawo, kana ɓata mana dashe." A gaban matan na faɗa.

Ya kalli tafin hannunsa, ya tashi ya koma ƙarƙashin rumfa. Da yamma ya miƙo hannu, na mayar masa da ita. Tun daga ranar bai sake shiga layi ba. Bayan mako uku direba ya ce mini Baba ya ba shi wuƙar ya kai maka. Bayan wata biyu ya rasu. Bai tayar mini da maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni durƙusawa in ba shi haƙuri. Kullum ina cewa gobe.

Shekara shida ina ɗauke da tunani ɗaya: ya fitar da wuƙar daga gidan ne don kada ta faɗo hannuna. Baba yana da al'adar rufe ta bayan kowane aure ɗaya, ƙwas, sannan ya sake buɗewa. Wannan ƙarar nake ji da tsakar rana, kuma daga layi na uku take zuwa. Na tambayi matan, suka ce ba su ji komai ba, sai dai yanzu ba mai son cika leda a wajen.

Baffa, ba tambayar ƙota ce ta sa na rubuto maka ba, ka riga ka gane. Ka faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Da fushina ya tafi?

Auta

*

Auta,

Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai ni da na rasa sukuni tun zuwan takardarki. Direbanku ya zo sau uku ya koma hannu wofi. Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga, har Innarki ta ce in ba zan aika ba in daina ƙarar mata da takarda.

Bai gaya mini komai da baki ba. Wuƙar ta zo a cikin ambulan da 'yar takarda. Ga abin da ke ciki: "Ga wuƙata, ta tsage a wajen ƙusa ta biyu. Ka yi mata sabuwar ƙota. Auta ce ke aikin yanzu, ni an zaunar da ni. Kada ka ba ta tsohuwar ƙotar."

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, amma na san ɗan'uwana, tare aka rene mu a gidan kakanmu. Ba ya faɗa, ba ya zagi, sai dai ya janye abinsa ya yi shiru. Na ce in na gama aikin zan kawo masa da kaina in ji ta bakinsa. Kafin in taɓa ta labarin rasuwa ya zo.

Sai na rasa yadda zan yi. In ba ki wuƙar yadda take, na saɓa wa mamaci. In cire ƙotar kuwa, sau huɗu ina ɗaura ta a matsi, ƙarfen da ke riƙe mini aiki, in ɗauko abin huda ƙusa, hannuna ya ƙi. A jikin itacen akwai wani ɗan kwarmi da babban yatsansa ya ci, ya yi baƙi yana sheƙi. Duk lokacin da na sa yatsana a ciki nakan ji shi da ɗumi, alhali sauran kayan aikin da ke kusa da ita sanyi ƙalau. Ni ba mai camfi ba ne, ƙarfe da itace na sani. Na jefa ta a aljihun tebur na ƙasa. Nakan jawo shi neman wani abu in tarar bakin wuƙar ya buɗe rabi. Na ce ƙarfen bayan ne ya saki, na duba shi, lafiyarsa lau.

A wajen makoki kin kawo mini ruwa, na kasa kallon idonki. Shi ya sa ban sake zuwa ba. Ba zumunci na yanke ba, tsoron wannan tambayar taki nake yi.

Ga takardar tasa na sa miki a ciki, don kada ki ce na ƙara ko na rage. Ki yi haƙuri, 'yata. Fushin uba ba ya nufin ya daina so. Ki yi ta yi masa addu'a.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, direba yana jira a bakin ƙofa.

Na yi kwana biyu ban buɗe takardar Baba ba, tana cikin aljihun rigata. Shekaranjiya da hantsi na zauna a rumfar na buɗe. Fensirinsa ne, da rubutunsa mai jingina baya. Baffa, abin da ka kwafa mini ba shi ne a jiki ba. Kai ka gyara masa rubutu ba ka sani ba. Ga yadda ya rubuta: "Kada ka bata tsohuwar kotar."

Baba bai taɓa sa wa harafi ƙugiya ba tun da yake. Dubi "wukata", dubi "kusa", dubi "kotar". Tun ina makaranta nake bin allunan dashe da biro ina sa musu ƙugiya. Akwai ranar da ya rubuta "kasa a ciki" a jikin buhun ƙasa, wata sabuwar ma'aikaciya ta karanta ta zuba da gudu, ta ɗauka maciji ne. To in haka ne, ba "ba ta" ya rubuta ba. Cewa ya yi kada ka ɓata tsohuwar ƙotar. Ka cire ta a hankali, kada ta farfashe. Ita ce ka yi masa kuna samari, ai dole ya ji ta a ransa.

Na yi dariya ni kaɗai har matan suka leƙo. Sai kuka ya biyo baya. Da na share ido na sake karantawa, sai na ga ɗan layin da ke can ƙasa, wanda ba ka kwafa ba: "In ka gama ka bani labari." Ya haɗe "ba" da "ni". Ashe yana haɗe kalmomi kamar yadda yake barin ƙugiya. Wanda ya rubuta "bani" zai iya rubuta "bata" yana nufin kada a ba ni.

Yanzu na fi da shiga uku. Da ina da amsa ɗaya mai ɗaci, na fara koyon haɗiye ta. Yanzu in na karanta da safe ya yafe mini, in na karanta da yamma bai yafe ba. Jiya ƙarar ta zo sau biyu a jere, na tsaya cak da reshe a hannu ina jira ko za a yi magana.

Kai ka san shi tun kafin a haife ni. Wanne ya nufa? Kada ka zaɓi wanda zai faranta mini.

Auta

*

Auta,

Lafiya muke, Innarki tana gaishe ki. Ni kuwa kunya ta hana ni sakat. Ni da nake miki tsiya a kan ƙugiyar ƙashi, ni ne na zauna shekara shida a kan kalma ɗaya ban taɓa juya ta ba. Na ga "an zaunar da ni" a sama, sai idona ya karanta sauran da fushi. Innarki ta ce da na nuna mata tun farko da ba a kai haka ba. Na ce ita ma da "ba ta" za ta karanta. Mun yi musu har abinci ya huce, ba mu daidaita ba.

Kin ce kada in zaɓa miki mai daɗi. Ba zan zaɓa ba, don ban sani ba. Rubutu ba sana'ata ba ce. Amma akwai abin da yake sana'ata, shi ma na yi sakaci da shi.

Duk wanda yake nesa yana son in yi masa ƙota, nakan ce ya zagaya zare a tafin hannunsa, ta kan gaɓoɓin yatsu huɗu ban da babba, ya ƙulle ya aiko. Da wannan nake sanin kaurin da zan bari. Babanki ya san wannan, don a kansa na fara gwadawa. A cikin ambulan ɗin da ya aiko wuƙar akwai zare, irin wanda kuke ɗaure auren itace da shi, a ƙulle. A lokacin na zura hannuna ya ƙi wuce yatsuna. Hannun babanki kuwa ya fi nawa, kamar shebur yake. Na ce ciwo ne ya ruɗa shi, ko kuma da shi ya ɗaure takardar. Na jefa shi a aljihun teburin na manta.

Bayan takardarki na zazzage aljihun gaba ɗaya a ƙasa. Na same shi a lungu, ya maƙale a bayan wata tsohuwar ƙusa, ƙullin yana nan yadda ya yi shi. Na sake gwadawa, har yanzu ya yi mini kaɗan. Wannan ba awon hannun namiji mai shekara saba'in yana aikin ƙasa ba ne.

Ga shi nan na naɗe miki a cikin takarda. Kada ki kwance ƙullin. Ban ce komai ba, don na riga na yi kuskure sau ɗaya, ba na son in ƙara. Ki zura hannun da kike riƙe wuƙa da shi, ki rubuto mini abin da kika gani.

Baffanki

*

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Muna lafiya.

Ya shiga. Ya wuce yatsuna ya zauna a kan gaɓoɓin, bai matse ba, bai yi sako-sako ba. Na ba Yaya ya gwada, ya tsaya masa a rabi.

Da ya zauna a hannuna sai na tuna ranar. Kamar mako biyu ne bayan abin da na yi masa. Yana zaune a rumfa, ni kuma na zo wucewa da waya a kunne, ina fama da wani mai saye a kan dashen lemo. Ya ce, "Auta, kawo hannunki." Na miƙa masa ban tsaya da maganar ba. Na ɗauka wani yanka ya gani zai duba, don yakan yi haka tun ina ƙarama. Na ji yana zagaya mini wani abu, yatsunsa suna rawa, ya daɗe yana fama. Har na ɗan ja hannun don ya yi sauri. Ya ce, "To, je ki." Na tafi. Hannun na ba shi, ban ba shi fuskata ba. Da na waiga sau ɗaya da na gani.

Ban san ko ya huce a lokacin ba, kuma na haƙura da sani. Wataƙila ransa a ɓace yake, yana da gaskiya. Amma da ɓacin ran ya zauna ya auna hannun da ya ƙwace masa wuƙa, don a yi mata ƙotar da za ta dace da shi. Wannan ya fi mini zafi fiye da in ce ya tafi da fushi, ya kuma fi mini sanyi. Tun shekaranjiya nake kuka ina aiki, matan sun daina tambaya.

Ga rigunan aikinsa guda biyu na kaki na ba direba. Sun koɗe a kafaɗa amma bayan da ƙarfinsa. Ka yi ƙotar da su. Tsohuwar kuma ka cire ta a hankali, ka riƙe a wurinka. Ko me ya nufa, ta haka ba mu saɓa masa ba, kuma kai ma ɗan'uwanka ne. In hannunka ya sake ƙi, ka jira ni. In aiki ya lafa zan zo in riƙe maka matsin.

Zaren da ke cikin wannan ambulan ba nasa ba ne. Na yanki wani daidai tsawonsa na ƙulle da kaina, ka yi aiki da shi. Nasa ba zan iya aiko maka ba, Baffa. Na duba ƙullin da kyau, sau uku ya yi shi kafin ya kama.

'Yarka,
Auta